Shafin da Shamshad Ta Manta Ba Ta Juya Ba

A layinmu na bayan kasuwar hatsi, nan Sahiwal, ba sai mun duba kalanda muke sanin wata ya kama ba. Da an idar da azahar aka ji muryar Shamshad ta taso daga gidan nan mai koriyar ƙofa, tana karanta yadda aka ɗaure wani a kujera aka ɗora masa bakin bindiga a goshi, to mujallar Karachi ta iso ke nan. Matar da ko kaza za a yanka a gidanta sai ta shige ɗaki ta toshe kunne! Amma ita ce ta shekara shida tana karanta wa mijinta kisa da guba da fasa kurkuku, kullum bayan abincin rana, da wata siririyar murya da ta fi dacewa da rarrashin jariri.

Ba da son ranta take yi ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ita 'yar silima ce tun fil azal. Mahaifinta, marigayi Ilahi Bakhsh, shi ne mai tsaron ƙofa a tsohuwar silimar bakin gada, kuma duk ranar Laraba da ake ware nunin rana don mata zalla, yakan shigar da ita ta zauna can kujerar ƙarshe da ƙullin gyaɗa a gefen mayafi. Sharaɗinta ɗaya ne tun tana 'yar shekara tara. Kafin a kashe fitila sai ta ja hannun rigarsa ta ce, “Baba, a ƙarshe ana shiryawa?” In ya ce e, ta zauna. In ya yi jim, ta tattara gyaɗarta ta koma gida. Har ta yi jikoki halin bai bar ta ba. Mai hayar kaset na bakin titi ya san nata: wanda ɗa ya ɓata aka gan shi, 'yan'uwa suka yi faɗa suka rungume, mugu ya durƙusa ya nemi gafara. Ta sha kukanta ta ƙoshi, ta share ido, ta tashi ta ɗora tukunya da ƙarfinta.

Sai Allah ya haɗa ta da Liyakat mai gyaran agogo, wanda shi kuma in ba a bi mutum da wuƙa a lungu ba, a wurinsa ba a fara labari ba. Shekara talatin ya yi a ɗan shagonsa na gefen tashar jirgin ƙasa, gilashi manne a ido ɗaya, mujalla a ƙarƙashin teburi. A cikin mujallar akwai wani dogon labari da ake kawowa kashi-kashi, shafi arba'in duk wata, na wani Mansab, ɗan sandan kan iyaka da aka ɗora wa kisan da bai yi ba. Shekara goma sha bakwai Mansab yana gudu, wani azzalumin attajiri mai suna Tufail yana bin sa, Liyakat kuma yana bin su duka biyun. Da ciwon suga ya cinye masa ido ya rufe shago, bai yi ƙorafin shagon ba. Washegari dai ya lalubo mujallar ya ajiye mata a cinya.

“Maman Nuzhat, aji takwas ɗin da kika yi yau zai yi rana.”

“Ni? In karanta wannan masifar? Baban Nuzhat, kai sai an zubar da hanjin mutum shayi yake maka daɗi.”

“Ya fi naku. A yi kuka, a yi rawa a cikin ruwan sama, a tashi ba wanda ko mura ta kama.”

Ta yi mitarta ta gama, ta buɗe ta karanta. Haka suke, 'yarsu Nuzhat ɗin da suke kiran juna da sunanta tana can Lahore da 'ya'yanta uku, gidan ya rage daga su biyu sai agogunan bango uku da ya kwaso daga shago.

A sanyin bana ne abin ya faru. Yana alwala ya dafe ƙirji ya sulale. Kwana goma sha ɗaya suka yi a wani asibiti a Multan, kuma ranar da za a sallame su likitan ya yafito ta baranda. Yaro ne, bai fi sa'an Nuzhat ba, yana magana yana kallon takalminsa.

“Inna, gaskiya zan faɗa miki. Zuciyar ta saki, aiki ba zai yiwu ba. In ya ga damina, ku gode wa Allah. Abin da za ki iya yi masa ɗaya ne, kada a tayar masa da hankali. Firgita ɗaya ta isa.”

Watan Janairu ake ciki. Shamshad ta lissafa da yatsu a ƙarƙashin mayafi, ta ga wata shida ne da 'yan kwanaki. Ta je famfo ta wanke fuska, ta koma ɗaki ta ce wa mijinta likita ya ce gajiya ce, a rage gishiri. Nuzhat ma abin da ta faɗa mata ke nan, don yarinyar ba ta iya riƙe kuka ba, da ta shigo ɗakin za ta tona komai.

Mujallar Fabrairu ta iso suna da sati biyu a gida. Shamshad ta zauna a bakin gadon igiya kamar kullum, shi yana jingine da matashi biyu, ta fara. Shafi uku lafiya lau. A na huɗu mutanen Tufail suka ritsa Mansab a wani tsohon gidan injin auduga, suka rufe ƙofa, aka fara ɗora ƙarfe a wuta. Ta ɗaga ido don ta ja numfashi, sai ta ga wata jijiya a wuyan Liyakat tana bal-bal-bal, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa ya tafi kan ƙirji bai ma sani ba. Maganar likita ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya.

“Kin tsaya. Sai aka yi yaya?”

Ta dubi shafin. Layi na gaba ƙarfen ne a bayan Mansab, har da ƙauri.

“Sai... sai aka ɗauke wuta,” in ji ta, idonta a kan takarda tana bin layin da yatsa kamar gaske. “Duhu ya rufe ko'ina. Wata tsohuwa mai shara ta kamo hannunsa, ta ce, ɗana, biyo ni, akwai ƙofa ta baya.”

Ta ga jijiyar ta lafa. Hannun ya sauka kan bargo. Daga ranar ba ta sake karanta masa abin da ke rubuce ba.

Kada wani ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Mai ƙarya a kasuwa sau ɗaya yake yi ya wuce, ita kuwa shafi arba'in ne duk wata, ga mai sauraren da ya san launin rawanin kowane ɗan daba tun shekara goma sha bakwai. Dole ta fara karanta na gaskiyar a ɓoye da safe, a madafa, mujalla a bayan kwanon garin alkama, don ta san wa ya shigo wa ya fita. Sannan ta zauna tana murza gurasar roti tana ƙulla nata. Sannan ta riƙe a ka abin da ta faɗa jiya, don in ta ce tsohuwar nan Sakina ce, gobe ba ta isa ta zama Zainab ba. Sau ɗaya ta tayar da wani direba da aka binne tun shekara huɗu, Liyakat ya ɗaga gira, ta yi wuf ta ce ƙaninsa ne, kama ce ta yi yawa. Ranar ko abincin kirki ba ta iya ci ba.

Abin haushin, wanda ko Nuzhat ba ta faɗa wa ba, shi ne labarin gaskiyar ya kama ta. Ita da ta shekara shida tana karantawa da baki kawai, ranta yana wurin miya, yanzu sai ga ta tsaye a madafa zuciya na dukan uku-uku, tana cewa, “Kada ka shiga motar nan, wawa, tarko ne!” Sau biyu madara ta tafasa ta zube a murhu. Ta yi ta istigfari tana goge wurin, tana jin kunyar kanta.

Nata labarin kuwa, me kuke zato? Abin da ta taso a kai shi ta zuba. A watan Maris tsohuwa mai shara ta zama wadda ta shayar da Mansab yana jariri. A Afrilu 'yar Tufail ta gane halin ubanta ta kawo wa Mansab takardun da za su wanke shi. Kafin Mayu ya ƙare, Tufail da kansa, mutumin da ya shekara goma sha bakwai yana jefa mutane a rijiya, ya fara zuwa kabarin uwarsa yana zubar da hawaye. Duk lokacin da ta kai irin wannan wurin sai ta saci kallon mijinta. Shi dai ya juya fuska wajen taga, can ya ce, “Hmm. Marubucin nan tsufa ya fara kama shi.”

Babbar fargabarta Gulzar ne. Gulzar wanzami abokin Liyakat ne tun suna samari, kuma tun da aka dawo daga Multan yake zuwa gida duk Alhamis ya yi masa gyaran fuska. Shi ma mabiyin Mansab ne, kuma bakinsa ba ya da linzami, in ya buɗe sai abin da ya ƙare. Tun farkon lamarin ta tare shi a soro.

“Gulzar, don girman Allah, in ka shiga kada ka ɗauko zancen Mansab.”

“Haba matar Yaya! To zancen me za mu yi? Farashin albasa?”

“Ko na tafarnuwa ne. Likita ya hana. Ni wani abu daban nake karanta masa, in ya faɗi magana ka ce haka ne.”

Ya rantse har da kama gemu. Sati shida ya daure, yana shiga yana fita kamar wanda aka cusa wa tsumma a baki. Ranar wata Alhamis ta Afrilu, ya shafa kumfa ya ɗora aska a maƙogwaro ke nan, Liyakat ya ce, “Kai Gulzar, ka ga 'yar Tufail kuwa? Wa ya zaci yarinyar nan za ta juya wa ubanta baya?”

Askar ta tsaya cak. A mujallar gaskiya yarinyar ce ta zuba wa babban abokin Mansab guba a shayi, garin nan kaf tsine mata ake yi.

“Wace? Wannan macijiy...”

Shamshad tana bakin ƙofa da faranti. Ta sake shi. Kofuna biyu suka tarwatse a siminti, shayi ya fallatsa har ƙafar wandon Gulzar. Ya waigo ya ga idonta, ya sha jinin jikinsa.

“Yarinyar kirki!” in ji shi da ƙarfi, gumi yana tsattsafo masa. “Wallahi Yaya Liyakat, 'yar albarka. Ni tun farko na ga alamar tarbiyya a tare da ita.”

“Kai da ka ce min bara idonta na mayu ne?”

“Mutum ba ya tuba? Ɗaga haɓa, kada in yanke ka.”

Da zai fita ya ce mata a soro, murya ƙasa-ƙasa, “Matar Yaya, ki ji tsoron Allah. Tawa zuciyar za ki tsayar kafin tasa.” Ba ta yi dariya ba. Ta je ta share fasassun kofunan.

Haka aka shigo Yuni. Zafi ya kai inda kare ma ba ya fitowa titi, mangwaro ya cika kasuwa, kowa yana duban gabas yana cewa Allah ya kawo ruwa. Shamshad kaɗai ce a layin nan ba ta cewa amin. In maƙwabciya ta ce saura sati uku damina ta sauka, sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Liyakat ya rame, zobensa ya fara zamewa daga yatsa, daga gado zuwa bayi sai ya huta sau biyu. Ba ta raba kwalbar ƙwayar nan da ake sawa a ƙarƙashin harshe da gefen mayafinta, a ƙulle, ko wanka za ta shiga.

Ranar uku ga wata ta je tasha da kanta karɓo mujalla. Tun daga nesa ta ga mutane sun yi cincirindo a teburin mai jarida, ba mai magana da ƙarfi. A bangon mujallar an rubuta da jan tawada: kashi na ƙarshe. Ta tsaya nan gefen masu rikisha, keken ɗaukar fasinja, ta buɗe shafin baya, abin da ba ta taɓa yi ba. An kashe Mansab. Ya kashe Tufail, e, amma shi ma harsashi ya same shi a bakin kogi, ya mutu shi kaɗai, fuskarsa a cikin laka, sunansa bai wanku ba. Shamshad ta tsinci kanta tana kuka a tsakiyar tasha, har wata mata ta dafa ta tana tambaya ko rasuwa aka yi mata.

A hanyar gida kuwa duk inda ta gifta zancen ke nan. A shagon mai shayi wani dattijo yana buga teburi yana cewa zalunci ne, sai ya rubuta wa Karachi wasiƙar da ba za su manta ba. Ta shiga gida ta rufe tagar da ke kallon titi, a wannan zafin. Ta kunna rediyo. Da ta ji ƙararrawar keken mai kawo jarida ta fita da gudu ba takalmi, ta ce masa in ya kuskura ya ɗaga murya a layin nan sai ta haɗa shi da uwarsa. Ta aika wa Gulzar cewa Alhamis ɗin nan kada ya zo. Mutum ɗaya ya isa, kalma ɗaya ta taga, shi ke nan.

Kwana huɗu tana jan nata ƙarshen a hankali, shafi takwas-takwas kamar yadda suka saba. Rana ta biyar ita ce ta rufewa. Suna gama cin abinci aka ɗauke wuta, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, rediyo ya mutu. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogunan nan uku. Babban ya buga biyu. Ta gyara zama, ta buɗe mujallar a cinya, ta ce bismillah a ranta.

Gaskiya ta tsara shi. Kwana huɗu ba ta yi tunanin komai ba sai shi. Alƙali ya miƙe a kotu ya ce Mansab ba shi da laifi. Tufail ya zube a gaban Mansab ya kama ƙafarsa. Aka mayar masa da kakinsa, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa ƙauyensu. Tana cikin faɗin yadda jirgin ya rage gudu, alkama ta nuna jawur hagu da dama, tsohuwar uwarsa tana tsaye a dandamali da sanda tana tambayar duk wanda ya sauko ko ya ga ɗanta, sai muryarta ta fara rawa. Ƙarshen na gaskiya ya tsaya mata a rai, fuskar nan a cikin laka, ta ji in ba ta kai mutumin nan gida da bakinta ba ba mai kai shi. Ta rufe ido. Ta sa uwar ta shafa fuskarsa ta gane shi da tabon goshi. Ta tara masa ƙauyen gaba ɗaya, aka kawo ganga, aka dafa shinkafa a manyan tukwane, aka zaunar da shi a inuwa aka ce ya huta, gudu ya ƙare. Hawaye yana bin kumatunta tana zubawa, ba ta taɓa jin magana tana zuwa mata haka ba.

Babban agogo ya buga rabi.

“Maman Nuzhat.”

Ta buɗe ido.

“Ƙarfe biyu kika fara. Shafi ɗaya na mujallar nan minti biyar yake ɗaukar ki, in da tari a ciki shida. Shekara shida ina ji. Yau rabin awa ke nan ban ji takarda ta motsa ba.”

Ta dubi cinyarta. Shafin da ta buɗe tun farko shi ne a buɗe, gumin hannunta ya jiƙa gefensa. Ta buɗe baki ta ce rubutun ne ƙanana wannan karon, ta ji da kunnenta yadda maganar ta fito, ta yi shiru.

“Na daɗe ina cewa wani abu ya sami labarin nan,” in ji shi, a hankali, kamar yana kwance agogo. “Na zaci marubucin ne ya mutu suka ba wani yaro ya ƙarasa. Har na so in sa ki rubuta musu. Ashe marubucin yana nan yana dafa min miya ba gishiri.”

“Baban Nuzhat, ka yi haƙuri, ni dai...”

“Tsaya, ban gama ba. Tun yaushe? Injin auduga. Tsohuwa mai shara. Fabrairu ke nan.” Ya ɗaga yatsa ɗaya. “Shekara shida kina karanta min yankan rago kina tsaki, ko layi ba ki taɓa tsallakewa ba. Sai da muka dawo daga Multan.” Ya ɗaga na biyu. “Gulzar, da ba a taɓa rufe masa baki ba tun da aka haife shi, ya koma zancen albasa.” Na uku. “Kin rufe taga a watan Yuni.”

Jijiyar wuyansa ta fara bugawa, tana ganinta. Hannunta ya tafi gefen mayafi, yatsunta suna neman kwance ƙullin, kwalbar ta yi ƙara.

“Ajiye wannan. Ba yanzu ba.” Ya juyo da fuskarsa daidai inda take, idanun nan farare da ba sa ganin komai. “Mai gajiya ba a ɓoye masa labari. Shekara talatin da huɗu ba ki taɓa yi min ƙarya ba, ko ta kuɗin cefane. Me likitan nan ya ce miki a baranda?”

Wata biyar tana tsoron wannan minti. Ta sha kwatanta shi a ranta, kullum da faɗuwa yake ƙarewa, da ita tana ihu a layi. Ta duba ko akwai sauran wata ƙofa ta baya da za ta fitar da shi, ta ga babu. Kuma ta gaji, wallahi ta gaji.

“Ya ce zuciyar ta saki.” Da ƙyar ta ji muryar kanta. “Ya ce... in ka ga damina, mu gode wa Allah.”

Bai faɗi ba. Agogunan suna ta tafiya. Ta ƙura wa ƙirjinsa ido tana ƙirga yadda yake hawa yana sauka. Can ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” a natse, kamar an faɗa masa rasuwar wani maƙwabci. Ya miƙo hannu yana lalube har ya sami nata, ya riƙe.

“Ke kaɗai kika ɗauki wannan tun Janairu?”

Ta gyaɗa kai, ta tuna ba ya gani, ta ce, “E.”

“Sakarya,” in ji shi, muryarsa ta karye a tsakiya. “Sakaryar mata.”

Nan ta kife a kan hannunsa ta yi kukan da ta hana kanta tun Multan, shi yana shafa mata kai yana cewa ya isa, ya isa. Da ta lafa ya ja hanci, ya gyara jingina.

“Gobe ki kira Nuzhat ta zo da yaran. Gaskiya za ki faɗa mata. Yanzu kuma, ta Fabrairu tana nan?”

“Suna nan duka, a bayan garin alkama.”

“Biyar ke nan. Shafi ɗari biyu.” Leɓensa ya motsa kaɗan. “In muka yi awa ɗaya kullum, kwana goma sha bakwai. Mutane suna cewa ruwa saura nawa?”

“Sati uku. Wasu sun ce bai kai ba.”

“To ɗauko, me kike jira?”

“Baban Nuzhat, akwai abubuwa a ciki. Ƙarshen nan ba...”

“Kul! In kika faɗa min ƙarshen ban yafe ba. Shekara goma sha bakwai nake bin mutumin nan, duk inda ya je zan raka shi da ƙafata. Kuma ko layi ɗaya kada ki tsallake, ina jin takarda.”

Ta tashi ta shiga madafa. Ta zaro ta Fabrairu, ta kakkaɓe garin da ya hau ta, ta dawo. Ta tura tagar titi ta buɗe, iska mai zafi ta shigo, can gabas sama ta ɗan yi duhu. Ta kwance kwalbar daga mayafi ta ajiye a kan gado inda hannunta zai kai. Ta nemo shafi na huɗu, injin auduga, ƙofa a rufe, ƙarfe a wuta.

Ta fara karantawa. A layi na uku jijiyar ta soma bugawa a wuyansa, tana kallonta ta gefen ido. Ta ci gaba.